Hannun Hambali da Hular Ubansa

Kafin mutum ya riƙe fuskar Hambali, hannunsa yake fara riƙewa. Na dama ne. Tun daga kafaɗa har wuyan hannu ya cika ya yi dam kamar cinyar maraƙi, jijiyoyi sun kwanta a kai ruɗu-ruɗu. Na hagu kuwa hannun kowa da kowa ne, siriri, irin na wanda ya tashi da tuwon dawa da miyar kuka. In ya tuɓe riga a bakin kanal zai yi wanka, sai ka ce mutum biyu aka tsaga aka haɗa rabi da rabi. Tela ya gaji da shi. Matarsa Kulu ce take farke hannun rigar na dama ta ƙara ƙyalle, shi ya sa duk rigunansa suke da faci a hammata ɗaya. Yaran gari suna ce masa Ƙaguwa, bai kuwa taɓa bin yaro da gudu a kan haka ba.

Ba da hannun aka haife shi ba. Aiki ne ya yi shi.

Hambali ɗan fari ne ga Malam Isiyaku, manomi a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Da ruwan Tiga ya iso, aka tsaga gonaki da kanal, aka baje iyakoki, aka mayar wa kowa ɗan abin da ya samu, sai gonar gidansu ta kasa ɗaukar mutum biyu. Uban ya riƙe gona, ɗan ya tafi kwatas ɗin ma'aikatan ruwa neman leburanci. Aka ba shi tsintsiya. A bayan gidajen injiniyoyi akwai wani fili da aka daɓe da siminti, aka ja masa farin layi, aka ɗaura raga a tsakiya. Nan suke wasan tanis in rana ta yi sanyi. Aikin Hambali shara da tsinto ƙwallo.

Akwai wani injiniya Ba'indiye, gajere mai sanƙo, wanda abinci ba ya shigarsa sai ya yi gumi. Ran da abokin wasansa ya kwanta zazzaɓi, ya miƙa wa Hambali raket, wato abin bugun nan mai kama da rariya mai dogon mariƙi, ya nuna masa inda zai tsaya. Ba su jin yaren juna, da hannu ya koya masa. Abin da yake so kaɗan ne: kada Hambali ya kai bugu, shi dai ya tare duk abin da ya zo ya mayar. Bango yake nema, bango mai ƙafa. Hambali ya zama bangon. In wannan injiniya ya gaji wancan ya karɓa, su suna hutawa suna shan ruwan sanyi, shi yana tsaye da hannu ɗaya, kullum, shekara da shekaru. A wurin biya kuwa lebura ne har ya bar wurin.

A gari aka yi ta magana. Wasu suka ce ƙato da gemu yana bin ƙwallon yara da rariya. Da hannun ya fara kumbura wasu suka ce iska ce ta shafe shi, har wata tsohuwa ta kawo wa Kulu hayaƙi. Malam Isiyaku bai tanka ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ya kamawa, balle ya zaunar da shi ya tambaye shi. Abin da Hambali bai gaya wa kowa ba shi ne yana son wasan. A gona shi ba kowa ba ne, ko kunyar shuka ya ja karkacewa take yi. A kan simintin nan kuwa, ƙwallo ba ta wuce shi. Idonsa yana ganin inda za ta sauka tun tana jikin raket ɗin wancan, ƙafarsa ta riga ta isa.

Shekarar 1984 gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Baƙi suka haɗa kayansu, leburori aka sallame su. Ba'indiyen ya bar wa Hambali raket ɗaya da gwangwanin ƙwallaye da gashinsu ya suɗe. Raga ta ruɓe, awaki suka samu wurin kwana, manoma suka fara shanya tumatir a rabin filin. Hambali ya koma gonar ubansa. Amma hannun bai yarda an sallame shi ba. In la'asar ta yi sai ya fara masa ƙaiƙayi, sai ya sulale ya tafi kwatas ya yi ta bugun ƙwallo a jikin bangon sito shi kaɗai.

Yana can ranar da abin ya faru.

Rani ne mai wuya, damina biyu ba ta yi kirki ba, ruwan kanal ya ja baya. An raba ban-ruwa, kowa da ranarsa. A saman gonar Malam Isiyaku akwai gonar da Ɗalhatu ya karɓa haya. Ɗalhatu mahauci ne a kasuwar Bunkure, kuma ɗan dambe, mai wuya kamar na bijimi, wanda ya saba in ya shigo wuri a matsa masa. Ranar ruwan Malam Isiyaku, Ɗalhatu ya jefa buhunan yashi ya toshe ƙaramin kanal ya juya ruwan cikin tumatirinsa. Albasar tsoho ta fara kwanciya. Ya yi masa magana, Ɗalhatu ya yi kamar da iska ake. Tsohon ya naɗe wando ya shiga ruwa da kansa ya kama buhu yana ja.

Ɗalhatu ya mare shi. A gaban masu tsinkar tumatir da mata masu tallar fura ya mare shi, tsohon ya faɗi zaune cikin taɓo. Hularsa, jar dara ce da yake sawa tun kafin a san za a yi kanal a ƙasar, ta tashi ta faɗa babban kanal. Mutane suna tsaye suna kallonta tana tafiya ja a kan ruwa har ta shige ƙarƙashin gada. Ba wanda ya bi ta.

Hambali ya dawo da raket a hammata ya tarar da tsakar gida cike da mata. Ubansa yana zaune bakin ɗaki, kai ba hula, shatin yatsu a kunci. Bai ɗago ya dube shi ba. Wata maƙwabciya ce ta faɗa, ba ta ko rage murya ba, cewa ga ɗa da hannu kamar turmi, ga uba yana shan mari a gona.

Ya ɗauki gatari ya nufi ƙofa, maza suka riƙe shi. Suka tuna masa zamanin soja ne, wanda ya fasa kan wani zai ruɓe a gidan yari, ya bar tsoho da mata ba mai noma musu. Aka kai magana gaban dagaci. Can aka yi abin da aka saba yi. Dattawa suka yi wa'azi a kan haƙuri da zaman maƙwabtaka. Ɗalhatu ya durƙusa rabi da rabi, goro cike da bakinsa, ya ce sharrin Shaiɗan ne, a yafe. Ya ajiye wata farar hula ta gwanjo a gaban tsoho. Aka shafa fatiha aka ce magana ta mutu. Kafin Hambali ya fita daga zauren ya jiyo dariyar Ɗalhatu a waje.

Malam Isiyaku bai taɓa farar hular ba, a zauren ya bar ta. Bai kuma sa wata ba. Dattijon da ba a taɓa ganin tsakiyar kansa ba, ya koma yawo da furfura a waje. In zai yi salla ya yafa mayafi ya tsaya sahun baya. Ya daina cin kasuwar Bunkure, inda a da yake da wurin zamansa a rumfar masu goro. Bai yi ƙorafi ba, bai zagi kowa ba. Kullum da safe dai Hambali zai fito ya ga wannan kan a tsakar gida, ya gaishe shi, a amsa masa da ka.

An ce an yafe. Hambali bai yafe ba. Ya auna ya ga an mari ubansa a gaban mutane, an ba da haƙuri a cikin zaure, kuma waɗannan biyun ba su yi nauyi ɗaya ba. Ya rataye raket a bayan ƙofa. Ya yi ta tunani har ya gano wuri ɗaya tak a ƙasar nan da za ka doki mutum a gaban jama'a ya faɗi, a yi maka kiɗa maimakon a kira ɗan sanda: fagen dambe, bayan kaka, a bayan kasuwa.

Dambe wasan mahauta ne, ɗan manomi ba ya shiga sai wanda ya ƙi jin magana. Hambali ya tafi wurin Baballe, wani tsohon mahauci mai karkataccen muƙamuƙi, wanda ya yi zamaninsa a fage. Baballe yana da nasa ciwon, don Ɗalhatu ne ya ture shi daga teburinsa na bakin hanya ya mayar da shi lungu wurin ƙudaje. Ya saurari Hambali yana fiɗar kan akuya, ya ce ya zo gida.

A dambe hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle da igiya har ya yi tauri kamar dutse, shi ne na duka. Ɗayan a buɗe ake barinsa a gaba, na kare kai. Duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, wato an ci shi wasa. Baballe ya ga hannun daman Hambali ya yi murmushi, ya naɗe masa shi, ya ce ya kawo duka. Hambali ya kawo. Hannun ya buɗe ya zagayo ta gefe kamar mai share siminti. Kafin ya iso, tsohon ya ɗan taɓa masa hanci da yatsa. Aka sake, aka sake, duk haka. Baballe ya tofar da yawu ya ce wannan ba duka ba ne, sallama ce, tun daga Kura ake ganin tahowarta.

Sai ya ce bari shi ya kawo, Hambali ya kare. Ya kai masa ta sama, babban hannun ya tare ya ture gefe. Ya kai ta ƙasa, haka. Ya yi kamar zai kai hagu ya kai dama, ya tarar hannun yana can yana jiransa. Tsohon ya tsaya yana haki yana kallon hannun kamar yau ya fara ganinsa.

"Ɗan Isiyaku, wa ya koya maka wannan?"

"Ba kowa, Baba. Abin da aka ɗauke ni yi ke nan a kwatas."

"To hannunka bai san kai duka ba, tarewa ya sani. Kwance shi. Miƙo min wancan sillen karan."

Daga ranar Hambali ya juya rayuwarsa hagu. Fartanya da hagu, guga da hagu, ɗaukar kwandon tumatir da hagu. Ya rataye buhun yashi a reshen darbejiya a bayan gida yana duka har fatar yatsunsa ta sale ta warke ta sake salewa. Damina ta zo ta wuce yana yi. Hannun bai yi wani girma ba, ya dai yi tauri kamar busasshiyar kirya, ya kuma koyi tafiya miƙe ba kwana. Kulu tana gasa masa shi da ruwan zafi tana mita, tana cewa ita ta gaji da auren mutumin da kullum wani sashe na jikinsa yake hidima. Ta tambaye shi in an karya masa wuya wa zai riƙe Baba. Ya ce mata ta dubi kan Baba, sannan ta sake tambayarsa. Ba ta sake ba.

Magana ba ta ɓuya a ƙauye. Ɗalhatu ya ji cewa Ƙaguwa zai neme shi a fage. A kasuwa ya yi dariya, amma a cikinsa bai yi ba, don shi ma yana da ido, ya ga hannun nan a bakin kanal. Ba wanda ya gaya masa wane hannu ake shiryawa, shi kuma bai ga abin tambaya ba. Wa zai ajiye taɓarya ya yi daka da tsinke? Ya tafi can wajen Dawakin Kudu wurin wani mai magani, ya kai baƙin bunsuru, ya sa aka samo masa ƙyallen da Kulu ta yar daga hannun rigar mijinta, aka yi masa aiki don a ɗaure hannun daman Hambali ya mutu ranar wasa. Da bakinsa ya baza labarin a rumfar mahauta don ya isa inda yake so. Baballe ya kawo wa Hambali. Hambali ya ce madalla, a bar shi da asirinsa.

Bayan an kai amfani gida, aka sa dambe ranar kasuwar Bunkure. La'asar sakaliya fage ya cika, masu kalangu suna zuba kiɗa, yara a kan bishiya, direbobin motocin tumatir a kan kanta. Aka fara da ƙanana. Can Ɗalhatu ya fito, layu a damtse, warki a gindi, yana zagaye yana kirari. Rigarsa da hularsa, wata sabuwar zanna mai aikin shuɗi, suna hannun yaransa a gefe. Ya zagaya bai samu wanda ya miƙo masa hannu ba.

Hambali ya tashi daga bayan Baballe ya yar da mayafin da ya rufa. Dariya ta fashe. Ga hannun nan da ake ta labari a sake, tsirara, ga siririn an naɗe masa igiya ya yi kai kamar ludayi. Wani ya ce mai naɗin makaho ne. Wani ya ce a kawo masa rariyarsa. Sarkin Fawa ya dubi Baballe ya tambaye shi ko yana so a yi gawa a fagensa, Baballe ya ce shi dai a buga kiɗa.

Ɗalhatu ya fi kowa murna. Abin da ya gani shi ne kuɗin bunsurunsa ya fita. Ya ɗaga laya ya sumbata, ya juya ga jama'a yana nuna hannun daman Hambali.

"Kun gani ko? Na ce muku na kashe shi. Nama ne kawai yake rataye, ko a teburina ba zan sayar ba." Ya juyo. "Ƙaguwa, ina tsohon? Ko har yanzu yana neman hularsa a kanal?"

Hambali ya gyara tsayuwa. Ya miƙa hannun dama gaba, ya ja na hagu baya.

Turmin farko, wato zagayen farko, Ɗalhatu ya shigo kamar zai tsinki mangwaro. Ya sako duka, mataccen hannun ya tashi ya ture shi gefe. Ya sako wani, haka. Ya kai ƙafa, Hambali ba ya wurin. Shi Hambali bai kai duka ko ɗaya ba, yana dai tarewa yana matsawa da ƙananan taku, idonsa a kan dunƙulen igiyar kamar yadda yake kallon ƙwallo. Jama'a suka fara tsaki, suna cewa rawa aka zo yi ko dambe. Aka raba su.

Amma dunƙulen dambe ba ƙwallo ba ce, kuma yau ba raket a tsakani. Kowane duka a kan tsoka da ƙashi yake sauka. A turmi na biyu Ɗalhatu ya fusata, ya tattaro ƙarfinsa duka ya sako, Hambali ya tare da tsakiyar hannu, ya ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Wuta ta taso masa har ƙeya. Bai sauke hannun ba. Da aka raba, Baballe ya taɓa wurin ya ji, ya ce masa a kunne ƙashi ya tsage, su tsaya haka, an ga ƙoƙarinsa. Hambali ya ce ba ƙoƙari ya zo nunawa ba.

Ya dubi Ɗalhatu a ɗaya gefen. Ƙirjinsa yana sama yana ƙasa, yaransa suna masa fifita. Ɗalhatu bai taɓa kaiwa turmi na uku da kowa ba a ƙasar nan. Abin da ya fi gajiyar kuma, ya daina kallon jama'a, hannun daman yake kallo, yana shafa layarsa. Ya rasa gane yadda abin da ya biya aka kashe yake tashi.

Turmi na uku ya shigo idonsa a kan hannun da bai kamata ba. Ya jefo duka da jikinsa gaba ɗaya don ya ƙarasa karya shi. Hambali ya goce taku ɗaya, ya sa bayan karyayyen hannun ya raka dukan ya wuce, irin yadda ya yi wa ƙwallo sau ba adadi. Nauyin Ɗalhatu ya bi hannunsa, wuyansa ya buɗe. Sillen karan ya tafi miƙe ya sauka a ƙasan kunne. Ba wani duka ba ne na a ba da labari, amma ya isa. Ɗalhatu ya tafi da baki, hannu da gwiwa da haɓa duk suka ci ƙasa.

Fage ya kaure. Masu kalangu suka rasa kirarin da za su yi masa, don ba shi da shi. Mutane suka yo kansa za su ɗaga shi, ya ture su. Ya taka zuwa wurin yaran Ɗalhatu, hannun dama yana lilo, ya sa haƙori ya warware bakin igiyar hagu don yatsunsa su fito, ya zare hular zannar daga hannun mai riƙe da ita. Yaron bai yi gardama ba. Hambali ya bi hanya, jama'a suka bi shi, har bakin babban kanal. Ya tsaya sai da ya tabbata an kawo Ɗalhatu ana riƙe da shi yana gani. Sannan ya jefa. Hular ta juya sau ɗaya a kan ruwa ta kama hanya. Ita ma ba wanda ya bi ta.

Daga nan wurin maɗori aka kai shi, aka ja hannun aka jera masa karare aka ɗaure. Labari ya riga shi isa gida. Ya shiga ya durƙusa gaban ubansa. Malam Isiyaku ya dubi ɗaurin ya daɗe, sannan ya kau da kai ya yi magana da bango, kamar yadda ya saba in da ɗan farinsa yake. Ya ce a gidan nan ba a taɓa yin ɗan dambe ba, kakanninsa da fartanya aka san su, kuma maganar da aka shafa wa fatiha ba a tono ta. Ya ce Allah ya shirya. Hambali ya ce amin, ya tashi. Kulu ta ji haushi ta ce ko sannu babu. Ya ce ta bar shi.

Ranar kasuwa ta zagayo. Da hantsi Hambali yana kwance, ya ga ubansa ya ɗaga labulen ɗakinsa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo Kulu. Tsohon ya shigo. Ya miƙa hannu bayan ƙofa, kusa da inda raket take rataye, ya zare hular Hambali daga ƙusa, ya kakkaɓe ta, ya kafa a kansa. Ta ɗan yi masa yawa. Ya fita.

Waɗanda suka ci kasuwa ranar suka ce bai fara zuwa rumfar masu goro ba. Kai tsaye teburin Ɗalhatu ya nufa. Ɗalhatu yana tsaye, muƙamuƙi a kumbure, rawani a naɗe don ya rufe. Tsohon ya yi sallama ya ce a ɗago masa cinya ya gani. Aka ɗago. Ya ce a juya. Aka juya. Ya sa aka sauko da haƙarƙari, ya latsa, ya shinshina, ya tambayi ko dabbar ta yau ce. Duk yana yi yana gyara zaman hula, ya tura ta gaba, ya mayar da ita baya. Mahauta suka bar aikinsu suna kallo. Da ya gama ya ce naman bai yi masa ba, ya taka zuwa lungu ya sayi na Baballe.

Ɗaurin ya daɗe, kuma ƙashin bai koma daidai ba. Da aka kwance, hannun ya saki, tsokar ta zube a hankali kamar buhun da ɓera ya huda. Hambali ya gwada raket sau ɗaya a bangon sito, bugun farko ya gaya masa an gama. Kafin shekarun tamanin su ƙare hannuwan Hambali sun zama ɗaya, Kulu ta daina farke riga, yaran da suka taso ba su san dalilin da ake ce masa Ƙaguwa ba. In sanyi ya shigo wurin karayar yana masa ciwo, sai ya zauna a rana yana murza shi. Wani ya taɓa tambayarsa ko yana da-na-sani, hannu guda a kan hula guda. Ya ce da na hagun ma ya karye a ranar, da bai ce an cuce shi ba.

Ɗalhatu ya saki gonar hayar bayan wannan ranin, bai kuma sake shiga fage ba. Dattawa sun yi ta ƙoƙarin su haɗa su su gaisa, ranar salla da ranar jana'iza. Hambali yana zuwa, yana sauraron wa'azin har ƙarshe, in aka ce a yi musabaha sai ya ce hannunsa na dama yana ciwo, na hagu kuwa ba a gaisawa da shi.

Malam Isiyaku bai mayar da hular ba. Da ita ya ci gaba da cin kasuwa har ƙarfinsa ya ƙare. Hambali bai tambaya ba, ya sayi wata.